A Kan Kunyar Yashi

Matata Murja ce ta fasa min ƙwan, ta waya, wata Lahadi da la'asar ina barandar gidanmu na Pantai Dalam ina kwashe shanya.

"Malam, yana kusa da kai?"

Na ce mata yana ɗaki.

"To ka rage murya. Jiya ya tambaye ni wai kai ka haife shi, ko riƙonsa aka ba ka."

Na yi dariya, na ce yara dai ba sa rabo da shirme.

"Wallahi ba abin dariya ba ne. Cewa ya yi bai taɓa jin sunansa a bakinka ba. Ya ce duk ranar da aka buɗe hanya a sa shi a jirgi a turo min shi, kuma ba zai dawo ba. A banɗaki fa ya ɓuya ya kira ni, Malam, yana kuka."

Na tsaya da rigarsa a hannu. Can ƙasa jirgin ƙasa ya wuce, fitilu a kunne, ba kowa a ciki.

Yaron ɗan farina ne. A gidanmu, can ƙasar Ƙaraye, ba a faɗin sunan ɗan fari. Ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a yi masa wasa, in an yabe shi ma sai ka kau da kai. Murja 'yar birni ce, tun yana goye ta yi fatali da nata kason kunyar, ni kuwa na riƙe nawa gam. Ni kaina ɗan fari ne, sunana ma Lawal, kuma har mahaifina ya koma ga Allah ban ji ya ce Lawal ba. A gabansa "kai" nake, a bayan idona "wancan". Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, don a wurinmu kowa ya san wanda ake jin kunyarsa shi ne ya fi zama a rai. Ga shi ma kuna gani, har a takarda ina ta kewaye-kewaye ban rubuta sunan ba.

Kwalejinmu ce ta turo ni Kuala Lumpur karatun digiri na uku. A farkon shekarar da korona ta ɓullo Murja ta tafi gida haihuwa, da niyyar in ta yi arba'in ta dawo, ta bar min yaron saboda makaranta. Ko suna ba a yi ba aka rufe ƙasa. Shi ke nan muka zama mu biyu a saman bene, ɗaki biyu da falo, yana shekara bakwai har ya shiga ta tara. Ni na koyi girki, na koyi ƙwai da shinkafa har suka gundure mu. Makarantarsa ta koma cikin kwamfuta, tawa ma haka. Sai mu wuni ba abin da ya haɗa mu ban da "Kai, zo ka ci," da "Kai, ka yi salla?" Shi kuma ya amsa da Turanci a taƙaice ya koma ɗaki. Kaɗaicin da na sha a shekarun nan ban taɓa shan irinsa ba, kuma ban tsaya na yi tunanin akwai wanda ya fi ni sha a ɗaya ɗakin ba.

Abin da ya ɓata lissafi jaririyar ce. Kullum da yamma Murja za ta kira ta bidiyo ta ɗago min ita, ni kuma bakina har kunne: "Fiddausi! Fiddausin Baba! Kalle ni nan, Fiddausi!" Ita ta biyu ce, babu kunya a kanta. Sai bayan wayar Murja na tuna cewa duk lokacin da na fara wannan kiran, yaron yakan tashi daga falo ya shige ɗaki ya ja ƙofa.

Farko haushi na ji. Ni da nake wanke masa kaya, ni da na zauna a kansa ranar da zazzaɓi ya rufe shi ina tsoron ko cutar ce, shi ne za a ce riƙo nake? Haushin bai kwana ba ya koma tsoro, don na san jinin gidanmu, in muka ce mun tafi mun tafi. Na ce to me zai gagara, suna ne fa, gaɓa uku. Na je ƙofar ɗakinsa na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Kai, rage ƙarar abin nan." Na gwada washegari, na gwada jibi. Wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai ce iskanci ne, amma wallahi ji nake kamar an ce in tuɓe a kasuwa.

Sai na yi tunanin ko bangon gidan ne ya saba da shirunmu. Na lura yana yawan kallon bidiyon mutanen da ke kafa tanti a bakin teku. A ƙarshen shekara ta biyu ta korona, da aka ɗage dokar hana shiga wasu jihohi, na duba taswira na ga gabar gabas, can sama wajen Terengganu, inda tsibiran yashi suka jeru siri-siri tsakanin teku da ƙasa. Na je aron mota wurin maƙwabcina Dakta Isiyaku, mutumin Zariya.

"Malam Lawal, are you serious? East coast yanzu? Damina fa suke ciki. Ka bari sai March, lah."

Na ce masa ni ɗan manomi ne, ba a tsorata ni da damina. A raina damina ita ce tamu: hadari ya haɗo, ya yi abin da zai yi, ya ɗauke, rana ta fito, ƙasa ta yi ƙamshi. Ya miƙo min makulli yana girgiza kai, ya ce Allah ya tsare.

Tantin kuwa a Danau Kota na samo, wurin wani ɗalibi ɗan ƙasarmu da ya yi talla a waya, wai zai koma gida yana rabuwa da kaya. Ya sauko da jaka a rufe, takunkumi a haɓa.

"Oga, dis tent na original. Rain no dey see am at all. And dis na di best time to go, nobody go disturb una."

Maganarsa ta ƙarshe dai gaskiya ce. Ban buɗe jakar ba, don na ga ɗan gida ne, kuma farashin ya yi min daɗi.

Muka kama hanyar Karak da safe, mota tana nishi a hawan duwatsu. Kafin mu gangara ruwa ya tare mu, kuma daga ranar ban sake ganin inuwata ba sai a kwanan ƙarshe. Yaron yana gefena ya jingina kai da gilashi. Na tambaye shi ko yana jin yunwa ya ce a'a, ko yana jin sanyi ya ce a'a. A wurin hutawa na kusa da Temerloh aka auna mana zafin goshi, muka sayi shinkafa muka zauna. Iyalin da ke teburin kusa suka dube mu, uwar ta ja 'ya'yanta suka koma can ƙarshe. Na saba da wannan tun kafin annoba, annobar dai ta ba shi hujja ne. Amma yaron ya gani, ya sunkuyar da kai a kan farantinsa. Takunkumi ya yi min rana a wannan tafiya, don a bayansa nake motsa leɓe ina jera sunan ba sauti, kamar mai bitar hadda.

Zangonmu na farko Cherating, garin da aka ce masu yawon buɗe ido ba sa yankewa. Muka tarar da shaguna a rufe, kujerun roba a kife bisa juna, jar tuta tana kaɗawa a bakin ruwa. Tekun da na gani a hoto shuɗi ne. Wannan kuwa launin gulbi ne a tsakiyar Agusta, yana tasowa yana faɗuwa da rugugi har cikin ƙirji. A ƙofar filin kafa tanti wani maigadi cikin rigar ruwa ya ɗaga mana hannu.

"Tutup, bos. Tengkujuh."

Yaron ne tafintana, don Malayancinsa ya ninka nawa. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wai an rufe. Tengkujuh ita ce daminarsu, iska daga teku take zuwa, ruwa sai ya yi kwanaki bai tsaya ba." Maigadin ya ga mun yi cirko-cirko, ya nuna mana gindin wasu bishiyoyi a wajen shinge, ya ce in mun ga za mu iya, boleh, wato ba laifi, amma shi ba ruwansa.

Na zuge jaka da ƙarfin gwiwa. Sanduna suna nan, turaku suna nan, ɗakin ciki na raga yana nan. Rufin sama mai tare ruwa ne babu. Na zazzage jakar, na leƙa cikinta, na sake zazzagewa. Ashe gidan sauro na saya da kuɗin tanti. Na kira ɗan Danau Kota, waya a kashe. Araha dai ba ta ado. Muka kafa abin haka nan don kada a ce ba mu kafa ba, muka tsaya muna kallon ruwa yana ratsa shi ta sama yana taruwa a ciki. Sai na ji yaron ya ƙyalƙyale da dariya, irin wadda na manta yana da ita. Na juyo da murna, muna haɗa ido ya haɗiye ta. A mota muka kwana.

Da gari ya waye yana ta barci a kujerar baya, ya dunƙule cikin zanen uwarsa da ya ɗauko bai gaya min ba. Na ce yanzu ne daidai, tunda ba ya ji. Na juya na kama harafin farko ina ja tsakanin haƙora, zzz, zzz, sauran ya ƙi biyowa. Ya motsa, ya kai wa kunnensa mari, ido a rufe ya ce, "Baba, akwai sauro a motar nan." Na ce e, na ji shi nima.

Daga nan muka miƙi hanyar bakin teku zuwa arewa. Kemaman, Dungun, Marang, duk garin da muka shiga kamar an yi masa shara. Jiragen masunta an ja su tudu an ɗaure, gidajen baƙi an toshe tagoginsu da katako, bishiyoyin kwakwa duk sun karkata gefe guda. Inda muka samu rumfa mu kafa ragarmu a ƙarƙashi, inda ba mu samu ba mota ta yi mana ɗaki. Kayanmu suka jiƙe suka fara wari, burodi ya yi laushi, ashana ta ƙi kamawa. A wani kedai, wato ɗan shagon abinci, matar tana hango mu ta ja baya tana kaɗa hannu, "Tapau, tapau," ma'ana mu ƙunsa mu tafi, alhali ga mutane nan zaune suna ci. Muka ci a mota, ruwa yana dukan rufi.

Wani wuri bayan Marang shanu suka tare mana hanya, ƙanana jajaye, sun kwanta a kan kwalta abinsu babu makiyayi. Na kashe mota na sauke gilashi. Warin kashin shanu da ruwa ya daka ya shigo, sai ga ni a gida: garke a bayan gari, Inna tana kiran a kawo ƙwarya, hayaƙin kara yana tashi. Kewar gida ta kama ni har idona ya ciko. Ga ɗana a gefena, tazarar hannu, ya toshe hanci yana jira mu wuce, kuma ban san ta inda zan fara ba shi labarin abin da nake gani ba. A ranar na fara jin cewa tafiyar nan asarar mai ce kawai, zan koma da shi yadda na zo da shi, in kai shi filin jirgi da hannuna.

A wani ƙauyen masunta a yankin Setiu muka tsaya don ƙamshin suya. Wata tsohuwa ce a ƙarƙashin rumfa take soya keropok, wani abu kamar ƙosai dogo da ake yi da kifi. Sunanta Makcik Som, makcik kuwa kamar a ce gwaggo ne. Ita ba ta ja baya ba. Ta dubi jiƙaƙƙun kayanmu, ta dubi ragar da ke leƙowa ta tagar mota, ta tambayi yaron, ya ba ta labari, ta yi dariya har da riƙe ciki. Gidanta na katako ne a kan dogayen ƙafafu. Ta ce mu kafa a ƙarƙashinsa, kusa da kwalekwalen mijinta da ke kife tun rasuwarsa. 'Ya'yanta duk suna Kuala Lumpur, annoba ta hana su zuwa, ita ma da kyanwa take hira. Ta kawo mana shayi mai zafi da busassun zannuwa, ta ƙi karɓar ko sisi.

Muna shan shayin ta dube ni, ta nuna shi da haɓa, ta tambayi sunansa. Wannan kam na gane ba sai an fassara ba. Na yi abin da na saba yi a asibiti da makaranta da ko'ina.

"Kai, faɗa mata sunanka."

Ya ajiye kofi. Ya dubi tsohuwar, ya nuna ni da yatsa, ya ce, "Tanya dia, Makcik." Wato ki tambaye shi.

Tsohuwa tana kallona tana jira, shi ma yana kallona, karo na farko a tafiyar da ya tsare ni da ido. Na buɗe baki na rufe. Ban san me ta karanta a fuskata ba, amma sai ta tambaye shi ko shi ne babba a gidansu. Ya gyaɗa kai.

"Along lah tu," in ji ta, ta shafa kansa ta koma kan kaskonta.

Da ƙyar ya fassara min. Ashe su Malayu kowane ɗa da laƙabin matsayinsa, na fari Along, mai bi masa Angah, haka har auta. Na ji kamar an sauke min dutse. Ai wannan Lawal ɗinsu ne! Ga suna, ga shi ba sunan ba. Na ce Allah ya yi wa tsohuwar nan albarka, ta raba gardama. Washegari tun safe na kama: "Along, miƙo buta. Along, zo ka ga kaguwa. Along, ka ƙoshi?" Bakina ya saki, har daɗin kiran nake ji. Yana yin abin da na ce, amma bai amsa ko sau ɗaya ba. Da yamma muna zaune a gindin kwalekwale, ruwa yana zuba ta kowane gefen gidan, ya ce da Turanci a hankali:

"Baba, ka daina. Rabin 'yan ajinmu Along ne a gidajensu. Ɗan Makcik ma Along ne. Ba sunana ba ne."

Ya shige raga ya juya min baya. Na zauna da kofin shayi har ya huce a hannuna.

Lokacin komawa ya yi, don Dakta yana son motarsa. A safiyar ƙarshe ruwa ya ɗauke, wata 'yar rana mara ƙarfi ta leƙo. Makcik Som ta ce ba za mu zo har nan mu tafi ba mu taka tsibiri ba. Ta kira maƙwabcinta Pak Mat, wanda zai je duba kejin kifinsa, ta ce ya tsallakar da mu. Tsakanin ƙauyen da teku akwai wani ruwa kwantacce kamar tafki, shi muka ratsa. Pak Mat ya sauke mu, ya nuna sama, ya nuna agogo, ya ja kwalekwalensa ya tafi.

Tsibirin ba faɗi gare shi ba, tsawo ne. Tudun yashi ne ya miƙe iya ganinka, kamar kunya guda a gonar da ba ta da iyaka. Ta wannan gefe tafki shiru ko motsi babu, ta wancan teku yana hauka. In ka hau tsakiya kana ganin duka biyun. Ban da mu ba kowa, sai tarkacen da ruwa ya watso, robobi da igiyoyi da takalmi wari guda. Na ce a raina, Lawal, ka tsallako duniya da kunyarka, ga shi ka zo ka tsaya a kan wata.

Muka zauna a kan wani kututture ta gefen tafki. Na ga in ban yi magana a nan ba, ba ni da sauran wuri. Na ce masa Ummansa ta gaya min abin da ya tambaya. Ya ƙanƙame gwiwoyinsa. Na yi masa bayanin al'ada tiryan-tiryan, da Hausa, ina yi ina haɗawa da Turanci inda na ga ya ɓace. Na ce a gidanmu ba ƙi ba ne, girmamawa ce. Na ce ni ma haka aka yi min, kuma ban rasa komai ba, don kakata tana kirana, baffannina suna kirana, gwaggonnina har waƙa suke min da sunan, in wuni ana Lawal, Lawal, har in gaji in ɓuya.

Ya ce, "A nan fa? Wa zai kira ni a nan?"

Gaskiyarsa ce tsirara. Kunyar nan an yi ta ne don gida mai cike da mutane, inda in uba ya kau da kai akwai hannu goma da za su ɗauka. Ni na ɗauko ta ita kaɗai na hau da ita saman bene, na bar kakanni da gwaggonni a Ƙaraye.

Yana tona yashi da yatsan ƙafa ya ce, "Kaka bai taɓa kiranka ba? Har ya mutu?"

"Har ya rasu."

"Kai ba ka so ya kira ka ba?"

Tunda nake ba wanda ya taɓa yi min wannan tambayar, ni ma ban taɓa yi wa kaina ba. Na buɗe baki in ce a'a, sai na ga ƙarya zan yi. Na so. Wallahi na so. Na tuna ina yaro nakan laɓe a bayan zaure in yana hira da baƙi, ko zan ji ya yi suɓul da baka, bai taɓa yi ba. Ga ni da furfura a gemu, a wata ƙasa, ina jin zafin abin kamar jiya aka yi.

Na miƙe don kada ya ga fuskata, na ce ya zauna ina zuwa. Na haura tudun na gangara gefen teku, inda rugugin ruwa ba ya barin ka ji ko tarin kanka. Iska tana dukan fuskata da gishiri. Na waiga, tudu ya ɓoye shi. Na ce to a nan dai ba mai ji, bari in gwada ko sau ɗaya in ji yadda yake a baki, in ya so in na saba sai in kai masa. Na fuskanci teku na cika ƙirji na ƙwala sunan. Ya fito. Ni kaina da ƙyar na ji shi. Na sake, na sake, ina yi hawaye yana zuba, har muryata ta dushe.

Mutumin tudu ne ni, ban yi lissafin iska ba. Daga teku take busowa, duk abin da na jefa mata sai ta ɗauka ta haye tudun da shi ta kai bayana. Juyowar da zan yi sai ga shi ya ɓullo a guje, yana tuntuɓe a yashi, ya tsaya nesa kaɗan yana haki, idanu a waje. Tsoro ne ƙarara a fuskarsa.

"Baba, me na yi?"

Wannan tambayar ta fi duk na baya ciwo. Na ce, "Ba ka yi komai ba."

"To me ya sa ka kira?"

"Kira kawai."

Ya tsaya yana dubana, kamar mai auna ko wayo ne. Can baya na hango kwalekwalen Pak Mat ya juyo, hadari kuma ya fara haɗuwa a kan teku. Yaron ya matso taku biyu, ya ce da Hausarsa mai ɗingishi, "Sake. Ina kallo."

Yi wa teku ihu daban, faɗa a idonsa daban. Na ji kamar mahaifina da kakannina duk sun jeru a kan tudun suna kallona. Na ce su yi haƙuri, su suna da jama'a, ni ba ni da kowa sai shi.

"Zubairu."

Ya ce, "Na'am," can ƙasa-ƙasa. Sai ya yi sauri ya juya min baya, ya sa hannu biyu ya rufe fuska, ya ƙi yarda mu haɗa ido har muka shiga kwalekwale. Ashe shi ma ɗan gidanmu ne.